Lamba Ta Shida a Forfen Baba

Bari in gaya muku da bakina tun kafin ku ji a bakin Gwaggo Salamata: ni na cire lambar. Ba yatsa ne ya zame ba, ba kuma sharrin rezo, wato netwok, ba ne. Ina zaune a bakin gadona, lalle bai gama bushewa a hannun hagu ba, na danna da na dama. Wadda za ta zage ni ta zage ni, amma ta bari in kai ƙarshe tukuna.

Sunana Zulfa, 'yar Alhaji Ɗantani mai goro, nan Zongon Wagadugu. Shekarata ashirin da huɗu, ina ɗinki a ɗan ɗakin da ke jikin zaurenmu. A gidanmu in kana son sanin matsayinka a wurin Baba, kada ka wahalar da kanka da kallon fuskarsa, don fuskar nan ɗaya ce ranar suna da ranar ta'aziyya. Forfe za ka duba.

Kamfanin wayar da muke amfani da shi, wanda ba zan kama sunansa ba, yana da wani tsari da suke kira forfen iyali. Mutum ɗaya ke biyan jika goma sha biyu na sefa a wata, waya biyar su riƙa ɗibar megan intanet a tukunya ɗaya. In ka ƙara ta shida, ita kaɗai jika ɗaya da rabi ce duk wata, ban da dala ɗari, rabin jika ke nan, na shigarwa. Baba bai iya Faransanci ba, amma wannan dokar ya haddace ta tsaf. Mu biyar ɗin su ne shi, da Inna, da Yaya Tawfiƙ, da matarsa, sai ni a ƙarshe. Ranar da aka sa ranar auren yayata, kafin a gama raba goro Baba ya sa na cire lambarta na saka ta amaryar Yaya. Ya ce, "Ta koma forfen mijinta." Yayata ta yi kuka fiye da na ranar kai ta ɗaki.

Gwaggo Salamata kuwa, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, shekara biyu tana roƙon a saka ta ta shida. Amsarsa ba ta taɓa canzawa ba.

"Jika ɗaya da rabi duk wata? Don ki kalli masu rawa a biki? Salamata, ki ji tsoron Allah."

To yanzu kun san Baba. Saura Razak.

Razak malamin lissafi ne a wata makaranta a unguwar Dassasgho. Ɗinkin ƙanwarsa ya kawo mini, ya dawo karɓa sau huɗu alhali tun zuwan farko na gaya masa sai Asabar. Mutumin Tanghin ne, Bamoshe, mahaifinsa na noman salak da tumatir a bakin baraji, madatsar ruwan garin. Hausarsa ta abokai ce, tana da daɗi, sai dai in ya rikice yakan manta ni mace ce ya ce mini "kai". Wata huɗu ke nan da ya sa shaddarsa ruwan toka ya zo ya durƙusa a zaure neman aurena. Baba ya yi masa tambaya uku, ya ce, "Na ji. Zan duba." Tun daga ranar bai sake tayar da maganar ba.

Ni dai ina son Razak, ba zan ɓoye muku ba. Gwaggo kuma tana son Sadiƙ, ɗan abokin cinikin Baba na Kumasi, kuma tana son shi da ƙarfin da ko uwarsa ba ta kai ba. Baba ya taɓa cewa a gabanmu, "Ba na yi wa 'ya'yana dole, amma ba na ba da su inda ban sani ba." Wannan maganar ce ta hana ni sukuni, don Sadiƙ an san shi har kakansa na uku, Razak kuwa ko hanyar gidansu Baba bai sani ba.

Wata safiyar Alhamis na buɗe manhajar kamfanin a wayata don in ga megan da ya rage, tunda ni ke kula da ita. Sai na ga abin da ya sa na ajiye kofin kokona a ƙasa. Waya shida.

Na goge fuskar wayar da gefen zanena na sake ƙirgawa. Shida ce. Lamba ce da ban taɓa gani ba, an saka ta kwana goma sha ɗaya da suka wuce, an kuma biya mata komai. Ni ban saka ba. Ba a kuma shigar da kowa sai da kod ɗin da ke zuwa wayar Baba. Wato Alhaji Ɗantani da ƙafarsa ya je ajans, ofishin kamfanin, ya bi layi, ya ciro jika biyu daga aljihun nan nasa da ko Inna ba ta san zurfinsa ba.

Wane ne wannan? Ku da kanku ku gaya mini, za ku iya zama?

Na ɓoye lambata na kira. Ta yi ƙara har ta katse. Na sake, haka. Na adana ta na leƙa Wasap, babu hoto, babu suna, babu ko ɗan rubutun nan da mutane ke sawa a ƙasa. Na koma na duba yadda take cin mega, a nan ne abin ya ƙara ɗaure mini kai. Mega bakwai, mega tara, mega shida, kullum bayan asuba, shi ke nan. Matar Yaya tana cinye fiye da haka kafin ta wanke fuska. Wane irin mutum ne za a ba shi tukunya a buɗe ya riƙa ɗiba da ƙaramin cokali?

Kwana uku ina wannan binciken. Na gwada Inna, ta ce ita ko lambarta ba ta haddace ba. Na yi tunanin tambayar Baba, amma Baba in ka tambaye shi abin da bai yi niyyar faɗa ba, kallon carbinsa yake yi har ka gaji ka tashi.

Ranar Litinin da hantsi Gwaggo ta shigo ɗakin ɗinkina da leshinta ruwan goro, mayafi a kafaɗa, turarenta ya riga ta shigowa. Tana zama ta ciro ƙullin lalle ta ce in miƙo hannu, wai hannun budurwa ba ya zama fari haka.

"Gwaggo, biki ake yi ne?"

"Ke dai miƙo. Kin san Sadiƙ yana gari?"

"Tun yaushe?"

"Sati biyu ke nan. Har layin nan ƙasar ya saya, ya ce zai daɗe. Jiya ma na gan su da Yaya Alhaji, babanki, a bakin masallaci, kai da kai." Ta matse mini yatsa tana murmushi. "Yarinya, abu ya kusa."

Sati biyu. Kwana goma sha ɗaya da huɗu. Sabon layi. Ban tsaya na tambayi kaina yadda ɗan Kumasi mai wayoyi biyu zai rayu da mega bakwai ba. Abin da kawai na gani shi ne Baba ya saka mutum a iyali, kuma ba wanda nake so ba ne.

Gwaggo na fita na shige ɗaki. Shigarwa ce ke buƙatar kod, cirewa ba ta buƙatar komai. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata. Akwai wani ƙaramin rubutu a ƙasa, ban karanta ba. Na danna. Zuciyata ta yi sanyi na kamar minti biyar, har da cewa a raina, in Baba ya tambaya zan ce rezo ne.

Da la'asar ɗin ranar na hango Baba a zaure, tsakanin huhunan goro, ya kai waya bakinsa yana magana ƙasa-ƙasa, ya daɗe. Ya gama ya ajiye, ya gyara zaman hularsa. Washegari bayan asuba ya fito da wayar a hannu, yana dubawa yana mayarwa aljihu. Kokon da Inna ta kai masa ya huce a inda ta ajiye. Da azahar ya kira ni.

"Zulfa, wannan ƙaramar ƙugiyar, in ɗaya ce me take nufi?"

Ya rufe sunan da babban yatsansa, saƙon murya kawai ya nuna mini.

"Bai shiga ba, Baba. Ko mai wayar ba shi da mega."

"Yana da shi," ya ce a taƙaice. "To ko ya kashe ne don kada ya ji?"

"Yana yiwuwa."

Allah Ya yafe mini, har da ɗan jin daɗi na faɗi hakan. Baba ya ce kamar da kansa yake, "Mutum ka aika masa magana mai nauyi, ya rufe ƙofa. To shi ke nan." Na koma kan kekena ina ta taka shi da nishaɗi.

Sai dai wani abu ya fara damuna. Razak, wanda ba ya shiga aji sai ya turo mini "Ina kwana, madam tela", tun yammacin Litinin ban ji ɗuriyarsa ba. Na tura masa gaisuwa, ya karanta bai amsa ba. Na tura hoton rigar da na gama, ya gani ya yi shiru. Na ce a raina ko jarrabawa suke yi.

Laraba da safe, ina yanka wata atamfa mai zanen tsuntsaye, saƙonsa ya shigo. Hoton fuskar wata waya ce, da saƙon kamfani a kai: "Vous avez été retiré de la famille." Wato an cire ka daga iyali. A ƙasa ga lambar Baba.

Sai rubutunsa ya biyo.

"Wayar babana ce. Shi ya kawo mini in karanta masa."

"Ban ma san Alhaji ya saka shi ba sai ranar."

"Ya sa na karanta sau uku. Sai ya koma ban ruwa."

"Na gane amsar. Ka gode wa Alhaji. Ka yi haƙuri da damun da na yi maka."

Ka. Maka. Almakashin ya suɓuce daga hannuna. Na buɗe manhajar, na zuba lambar don in mayar. Sai ƙaramin rubutun nan da na ƙi karantawa ya fito da girmansa: lambar da aka cire ba ta komawa sai bayan kwana talatin. Ko da ta koma ma, sai da kod ɗin Baba.

'Yan'uwa, na yi kuka. Ba don Razak kaɗai ba. Tsoho ne na tuna, wanda ban taɓa gani ba, yana tsaye ɗansa na karanta masa cewa an cire shi daga iyali, sau uku.

Na wanke fuska, na ɗaura ɗankwali, na tafi zaure. Baba na zaune kan buzunsa yana ware goro, fari gefe, ja gefe. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ni ce."

"Na gan ki."

"Ni na cire lamba ta shida. Ranar Litinin da hantsi, kafin ka aika saƙonka. Bai rufe maka ƙofa ba, Baba. Ni na rufe."

Hannunsa ya tsaya a cikin goron. Na gaya masa komai, da lallen Gwaggo, da Sadiƙ, da saƙon Faransancin. Da na zo kan fassarar saƙon, ya rufe ido.

"Haka suka rubuta masa? Daga iyali?"

"Haka suka rubuta."

Baba ya ajiye goron da ke hannunsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ba ta faɗa ba ce, kuma wallahi da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Na ce zan duba, na duba. Sau biyar ina zuwa Tanghin a matsayin mai sayen salak, har Innarki ta fara tambaya ko likita ne ya sa ni. Mahaifin yaron nan, Ubaidullah, kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin kira. Saƙon murya yake ɗorawa a kunne ya saurara sau biyu, sau uku. Kullum bayan asuba sai ya gaishe ni, ya gaya mini yadda ruwan baraji ya kwana. Ran nan ya ce zai rage gaisuwar, don yana jin nauyin roƙon ɗansa mega. Shi ne na je ajans." Ya kalle ni. "Sadiƙ kuwa kuɗin motar goro ya kawo mu tattauna. Ke da Salamata kuka aurar da shi."

"Baba, me ka ce masa a saƙon?"

"Ba ke na aika wa ba."

Ya miƙe ya kakkaɓe babbar rigarsa.

"Ɗauko mayafinki. Ke kika cire shi, ke za ki gaya masa."

Na sa doguwar rigata shuɗiya mai aikin zare a wuya, wadda na ɗinka don Sallah, ban ma san dalili ba. Baba ya tayar da tsohon motonsa mai ƙafa biyu, na hau baya a karkace. Tun ina firamare rabon da in hau bayansa. Duk tsawon hanya, har muka hau gadar baraji, ina ta jera kalmomin Moore, yarensu Razak, a kaina suna watsewa.

Lambun yana gangaren ruwa, fangali-fangali na salak kore shar, ƙasa a jiƙe. Mata uku na wanke ganye a manyan robobi. Wani dogon tsoho mai farin gemu, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, yana tafe da bokitin ban ruwa a kowane hannu. A bayansa Razak ne, da rigar makaranta, don ranar Laraba da rana ba su da aji. Ya gan mu ya tsaya cak, sannan ya mai da idonsa kan salak.

Tsohon ya ajiye bokitan. Suka gaisa da Baba da Moore, doguwar gaisuwa, gida, iyali, gajiya, amma babu wanda ya yi murmushi. Sai Baba ya matsa gefe ya nuna ni.

"Ga wadda ta cire ka."

Na durƙusa a cikin taɓon nan da rigar Sallata. Na ce da Moore, "Baba, ka yafe mini. Ni ce, ba Alhaji ba."

Tsohon ya karkato da kai, ya sa tafin hannu a bayan kunne. Bai ji ba. Ya dubi ɗansa. Razak ya matso dole, ya kai baki kunnen mahaifinsa ya ɗaga murya.

"Ta ce ita ce ta cire ka! Ba Alhaji ba!"

Matan nan uku suka daina wanke ganye.

"Don me?" in ji tsohon. "Na yi mata laifi?"

Na kalli Baba ko zai cece ni. Carbinsa yake kallo. Na kalli ƙasa, na ga wata tana tana ƙoƙarin shigewa rami, na yi mata hassada. Sannan na faɗa, tunda ba ni da wata gaskiyar sai ita.

"Ban san lambarka ba ce. Na ɗauka ta wani ce da ake so a ba ni. Ni kuma ba na son kowa a gurbin nan in ba ɗanka ba."

Sai a lokacin Razak ya ɗago ya kalle ni, bakinsa a ɗan buɗe.

"Me ta ce?" tsohon ya tambaya.

"Ta ce... ba ta san lambarka ba ce."

"Ta daɗe tana magana. Saura."

Razak ya juyo wurina. Ya ce da ni da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Zulfa, kai ma ka san ba zan iya..."

"Malam," in ji Baba ba tare da ya ɗago ba, "fassara amana ce."

Haka Razak, malamin lissafi, ya kai baki kunnen ubansa, ya kwarara wa duk bakin barajin Tanghin cewa Zulfa ba ta son kowa sai shi. Ɗaya daga cikin matan ta rangaɗa guɗa. Ni dai na ja mayafi na rufe fuska har haɓa, ina leƙe ta saƙar zaren.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya goge hannunsa a wando ya dafa kaina, hannun da sanyin ruwa.

"Tashi, 'yata. Kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba, amma yau zan ci."

Baba ya ciro wayarsa, ya lalubo saƙon nan mai ƙugiya ɗaya, ya danna, ya ɗora a kunnen tsohon da hannunsa. Ba na jin komai sai ɗan zuzu. Fuskar tsohon kawai nake karantawa, ita kuma ba ta da saurin karantuwa. Saƙon ya ƙare, ya ce a sake. Aka sake.

Da ya ƙare karo na biyu, ya juya wurin ɗansa.

"Yau wace rana?"

"Laraba!"

Tsohon ya lanƙwasa yatsa ɗaya, ya lanƙwasa na biyu, sai ya zaro ido.

"Alhaji ya ce mu kawo goron neman aure Juma'a, jibi ke nan! Kana tsaye? Je ka gaya wa kawunanka su wanke rigunansu. Ina ma za mu samo goro mai kyau a kwana biyu?"

"A wurina," in ji Baba. "Kuma ba ragi."

A hanyar dawowa, muna kan gada, iska na kaɗa mayafina, na yi ƙarfin hali na matsa kusa da kunnensa.

"Baba, sun ce sai bayan kwana talatin zai koma. Ni zan biya kuɗin shigarwar, da na wata-wata ma, daga ɗinkina."

"Na shigarwa dai ki biya," ya ce, idonsa na kan hanya. "Na wata-wata ba za a daɗe ana biya ba. Gurbi zai buɗe a cikin biyar ɗin."

Har na buɗe baki zan tambaye shi gurbin wa, sai na rufe. Na ciro wayata da hannu ɗaya na buɗe manhajar. Baba, Inna, Yaya, matar Yaya. Ga sunana nan a ƙarshe, na biyar, inda yake tun ranar da aka buɗe forfen. Na kifa goshina a bayan babbar rigarsa mai ƙanshin goro, shi kuma ya rage gudu, bai ce in ɗaga ba har muka shigo Zongo.